Zaburar da muka ɗauka ciwon ciki ne: nazarin lamarin wata jaririya a Rigasa

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kaduna, yawancin aikina a ɓangaren manya na yi shi. Yarinyar da zan yi bayani a kanta 'yar ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai da na nemi izinin iyayenta, suka ce in rubuta amma kar in sa suna. Abin da ya same ta ciwon West ne, wata irin farfaɗiyar jarirai da ke zuwa da zabura a jere. Ranar da aka fara ganin zaburar ita na kira rana ta 1. Ƙirgen da ke ƙasa daga rana ta 47 zuwa gaba daga littafin da uwar ta riƙa rubutawa na kwaso shi da katin asibiti, na kafin nan kuwa abin da ta iya tunawa ne.

Asali: daga haihuwa zuwa wata 5

Haihuwar fari ce, uwar shekararta 22, suna haya a Rigasa, uban tela ne a Kasuwar Barci. Ta yi awo yadda ya kamata. Naƙuda ce dai ta ja, daga la'asar har gari ya waye, aka haihu a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, yarinya kilo 2.4, ƙarama ce amma ta yi kuka. Sai dai ba ta kama nono ba, wuni guda cur tana barci, in an sa mata ta ɗan tsotsa sau biyu ta saki, aka ce gajiyar haihuwa ce, aka sallame su a ranar ba a auna sugan jininta ba. Kwana biyu da haihuwa da asuba ta fara jijjiga, aka ruga da ita babban asibiti, can aka auna aka ga sugan ya yi ƙasa sosai. Gado aka ba su na kwana 6, ƙarin ruwa mai suga da allurai, raɗin suna ma a masallaci aka yi su suna asibiti.

Daga nan abu ya yi kamar ya wuce. Ta yi murmushi a wata 2, ta riƙe wuya a wata 4, ta ɗan makara amma ba wanda ya damu, tana bin fuskar uwarta da ido, riga-kafinta cikakke har na sati 14.

Rana ta 1 zuwa 20: a gida

Tana wata 5 da sati ɗaya, tsakiyar hunturu, abin ya fara. In ta farka daga barci sai kanta ya sunkuyo gaba farat ɗaya, hannuwa su buɗe su dawo kamar za ta rungumi wani abu, gwiwoyi su naɗe zuwa ciki, ido ya ɗan juya sama. Bai kai daƙiƙa biyu ba ta saki, bayan kamar daƙiƙa goma ta sake, haka za ta jera biyar ko bakwai sannan ta fashe da kuka. Ba zazzaɓi, ba kumfa a baki, ba sandarewa. A satin farko sau ɗaya ko biyu a rana take wannan jerin.

Kakarta ta wajen uba ta ce murɗar ciki ce, ai ga shi nan tana naɗe ƙafa. Maƙwabciya ta ce haƙori ne zai fito. Wata kuma ta ce firgita ce, an bar yarinya ita kaɗai a ɗaki da magariba. A rana ta 6 uwar ta kira ni ta ce "Yaya, yarinyar nan tana wata irin zabura in ta tashi barci", na tambaye ta akwai zafin jiki, tana shan nono, tana kashi lafiya, ta ce duk lafiya lau, na ce ta riƙa ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa bayan nono. Ban ce ta ɗauko min bidiyo ba, ban je na gani ba. Wannan amsar tawa tana cikin abin da ya ja kwanakin, dole ne in rubuta ta a nan tare da sauran.

Abin da aka gwada a waɗannan kwanakin shi ne ruwan maganin ciwon cikin jarirai na kwalba daga kemis, da garin haƙori, da tofi da rubutu, da hayaƙi da aka yi mata sau uku wanda tari kawai ya bar mata. Zuwa rana ta 20 jerin ya kai huɗu a rana, kowane jeri kuma ya haura goma.

Rana ta 21 zuwa 46: asibitin unguwa

Rana ta 21 suka kai ta wani asibiti a unguwa. Yarinya na kwance lafiya a cinyar uwarta, ba abin da ta yi a gaban likita, aka yi gwajin maleriya aka ce akwai kaɗan, aka ba da magani na kwana uku. Uwar ta ce ta tambaya ko farfaɗiya ce, aka ce mata mai farfaɗiya ai ba haka yake yi ba.

Rana ta 30 suka koma, wannan karon wani likitan suka samu, ya saurare ta ya yarda jijjiga ce, ya rubuta fenobabiton miligiram 30 kullum da dare, nauyinta a lokacin kilo 6.8. Yarinya ta koma barci dare da rana, zabura kuwa tana nan yadda take, sai ma da yake a bakin farkawa abin ke zuwa, yawan barcin ya ƙara mata lokutan farkawa. Rana ta 38 aka ƙara sirof ɗin kabamazefin a kai. Cikin sati guda jerin ya tashi daga huɗu ko biyar zuwa tara a rana.

A wannan tsakanin ne abin da ya fi tayar wa uwar hankali ya faru, ya ma fi zaburar kanta. Yarinya ta daina murmushi. Ta daina bin mutum da ido, in ka kaɗa mata makulli ba ta miƙo hannu, wuyan da ta riƙe ya fara langaɓewa. Uwar ta ce min kamar an ɗauke mata 'ya an ajiye mata wata mai kama da ita.

Rana ta 47 zuwa 51: bidiyo da gano ciwon

Rana ta 47 na je gidan da hantsi, ina zaune ta farka a gabana ta jera goma sha huɗu. Na ɗauka da wayata minti uku, na tura wa wata likitar yara da muka taɓa aiki tare, ko minti goma ba a yi ba ta kira ni ta ce "Sista, wannan ba na jira ba ne, gobe da sassafe ku kawo ta asibitin koyarwa, ku zo da duk magungunan da take sha." A ranar na saya wa uwar littafi na ce duk jeri ta rubuta ƙarfe nawa da guda nawa.

Rana ta 48 likitar yara mai kula da ƙwaƙwalwa ta kalli bidiyon sau biyu, ta tuɓe yarinyar tas tana duba fatarta ko akwai fararen tabo, don akwai wani ciwon gado da ke zuwa da farin tabo a fata da ƙananan ƙari a ƙwaƙwalwa wanda ke jawo irin wannan zaburar kuma maganinsa na farko daban ne. Babu tabo. Ta ce a janye kabamazefin, domin an san yana iya ƙara irin wannan zaburar. Rana ta 50 aka samu yin EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa da ake liƙa wayoyi a kai, aka yi shi tana farke da tana barci. Takardar ta fito a hargitse, manyan igiyoyi da tsinaye ko ta ina ba tsari, abin da likitoci ke kira hifsaritimiya. Zabura a jere, komawar ci gaban yaro baya, da wannan hargitsin a EEG, su ukun nan ne ke tabbatar da ciwon West.

Abin da bincike ya nuna, wanda a kansa aka tsara maganin

Nan zan ɗan tsaya, don ni kaina sai a satin na zauna na karanta, kuma da aka ce ƙwayar firednisolon za a ba ta, wadda siteroyid ce, uban ya yi tambayar da kowa zai yi, ya ce "Likita, wannan ƙwayar da ake sayarwa a kowane kemis ita ce za ta yi abin da magungunan farfaɗiya biyu suka kasa?"

Sunan ciwon daga wani likitan Ingila ne, William James West, wanda a 1841 ya rubuta wasiƙa zuwa mujallar Lancet yana bayanin ɗansa na cikinsa yana neman wanda zai taimaka. A cikin wasiƙar ya ce wani babban likitan da ya kai wa yaron ya kira abin jijjigar salam, saboda sunkuyon da yaron ke yi kamar mai gaisuwa. Ciwon ba shi da yawa, kamar jarirai 2 zuwa 4 ne cikin dubu goma, kuma ya fi farawa tsakanin wata 3 zuwa 8. An yi fiye da shekara ɗari ba magani. A 1952 aka siffanta hargitsin nan na EEG, a 1958 wasu likitoci a Beljiyam suka ba da rahoton allurar ACTH, wadda ke sa jiki ya ƙara yin nasa sinadarin siteroyid, tana tsayar da zaburar. Daga nan aka gane magungunan da ke aiki ta hanyar sinadarin siteroyid su ne ke kama wannan ciwon, su fenobabiton kuwa ba sa yi masa komai.

Gwajin da aka fi dogaro da shi wajen awon maganin shi ne UKISS, na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2004. Jarirai 107 aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su firednisolon na sha ko allurar ACTH da aka haɗa a kamfani, wasu aka ba su bigabatirin, wani maganin farfaɗiya. Bayan sati biyu zaburar ta tsaya a kashi 73 cikin ɗari na rukunin farko, a kashi 54 na rukunin bigabatirin. Abin lura shi ne yawan firednisolon ɗin da suka ba da, miligiram 40 a rana ga jariri, in ba ta tsaya a sati guda ba a kai 60, wanda ya ninka abin da aka saba ba yara. A Indiya an gwada wannan batun kai tsaye, aka wallafa a 2014, miligiram 4 a kowane kilo da miligiram 2 a kowane kilo, mai yawan ya tsayar da zaburar a kusan rabin yaran, mai kaɗan a kwata kawai. A Siri Lanka kuma gwajin jarirai 97 da aka wallafa a 2015 ya nuna firednisolon mai yawa bai gaza allurar ba, ya ma fi ta a rana ta 14. Waɗannan biyun sun fi min daɗi don ƙasashe ne da yanayinsu ya yi kusa da namu, allurar tana da tsada da wuyar samu, ƙwayar kuwa tana ko'ina.

Sai gwajin ICISS, wanda aka wallafa a 2017, jarirai 377 daga ƙasashe biyar. Su tambayarsu ita ce in aka haɗa siteroyid da bigabatirin tun farko fa? Haɗin ya tsayar da zaburar a kashi 72, siteroyid shi kaɗai a kashi 57, ana ƙirga waɗanda ba su yi ko ɗaya ba daga rana ta 14 zuwa ta 42. Amma da aka bi yaran har wata 18, ba a ga bambanci a ci gabansu tsakanin rukunin biyu ba.

Akwai kuma wani sakamako daga yaran UKISS da aka bi har shekara 4, aka wallafa a 2011, wanda da na karanta shi sai da na ajiye wayar na ɗan jima. An kasa yaran gwargwadon daɗewar da aka yi kafin a fara magani, sati ɗaya ko ƙasa, sati biyu, wata ɗaya, wata biyu, fiye da wata biyu, aka ga duk matakin jinkiri ɗaya yana tafiya da faɗuwar kusan maki 4 a ma'aunin ci gaban yaro. Tamu tana mataki na huɗu.

Rana ta 51 zuwa 80: firednisolon

Kafin a fara an auna jininta na hawan jini, da suga, da fitsari, an duba ƙirji an tambaya ko akwai mai daɗaɗɗen tari a gidan, domin maganin yana rage garkuwar jiki kuma tarin fuka na iya tashi. Nauyi kilo 7.0. An ba su gado na kwana biyar na farko. Bigabatirin ba a samu a gari a satin ba, likitar ta ce ba za a jira shi ba, aka fara da abin da ke hannu. Miligiram 10 sau huɗu a rana, ƙwaya biyu 'yan miligiram biyar-biyar a niƙa a cokali da nonon uwar, tare da maganin kare ciki. Fenobabiton aka riƙa rage shi a hankali.

Ga jerin zabura a rana, daga littafin uwar, kwana bakwai na farko: 9, 8, 6, 6, 4, 3, 3. Da yake ba ta tsaya ba a kwana na bakwai, aka ƙara zuwa miligiram 20 sau uku a rana. Kwana na takwas 2, na tara 2, na goma 1 da asuba, guda huɗu ne kawai a jerin. Daga nan shiru.

Wahalar maganin kuwa ba kaɗan ba ce, kuma gara a faɗe ta. Kuka take ba ƙaƙƙautawa, musamman da dare, ga yunwa, nono kamar ba ya isarta, kumatu suka kumbura fuska ta yi zagaye, farin abu ya fito mata a harshe da dasashi sai da aka ba da maganin ɗigawa. Sau biyu jininta ya hau, aka ƙara yawan aunawa zuwa kwana bibbiyu, ni nake zuwa da na'urar yara ina aunawa a gida, bai kai a ba ta maganin hawan jini ba. A kwana na tara kakar ta ce a daina, ta ce "wannan magani kumbura min jika yake, da ciwon ma ba ta kuka haka." Gaskiya ba laifinta ba ne, abin da idonta ya gani ta faɗa. Na durƙusa na ce "Hajiya, ki yi haƙuri ki ba mu kwana biyar, kumburin zai saɓe in an gama, amma in aka yanke shi farat ɗaya jikinta na iya shiga hatsarin da ya fi wannan", don in an daɗe ana shan siteroyid mai yawa jiki yana daina yin nasa, sai an janye a hankali yake farfaɗowa. Na nuna mata littafin, daga tara zuwa biyu. Ta yi shiru, ta ce Allah ya sa a dace. Ita ce ma daga baya ta tsaya a ƙofa tana hana masu zuwa dubiya shiga ɗaki, don an ce a nisanta yarinyar da taro da duk yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau, ga shi zafi ya fara shigowa lokacin da suke yawa.

Kwana na 14 aka sake EEG, hargitsin ya tafi, saura wasu tsinaye a ɓangaren ƙeya. Aka fara janyewa, miligiram 40 kwana biyar, 20 kwana biyar, 10 kwana biyar, aka tsaya. A cikin kwanakin janyewar ne ta yi wa ubanta murmushi, na farko cikin kusan wata ɗaya da rabi. Allurar ƙyanda da ta shawara da ake yi a wata 9 likitar ta ce a ɗaga su, don suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana kuma garkuwarta ba ta gama dawowa ba.

Wata 10: dawowar zaburar

Wata biyu da gama magani, tana wata 10, da safe ta yi jeri guda, ƙanana ne sosai, kai ne kawai ke ɗan nokewa sau shida. Dawowa irin wannan sananniya ce, kusan ɗaya cikin uku na yaran da suka samu sauƙi suna sake yi, kuma an riga an gaya wa uwar. Ta ɗauki bidiyo, kafin azahar suna asibiti. EEG washegari ya nuna hargitsin ya fara dawowa amma bai kai na farko ba.

Wannan karon aka zaɓi bigabatirin, tunda ba a daɗe da gama siteroyid mai yawa ba. Daga Legas aka yo odarsa, kwana huɗu ya yi a hanya. Nauyinta kilo 8.4. Gari ne a 'yar leda, miligiram 500 kowace, a narka a ruwa mililita 10 a ja da sirinji a ba ta a baki. An fara da rabin awo, aka kai mililita 8 safe da yamma, wato kusan miligiram 100 a kowane kilo a rana. Kwana biyar da farawa ta tsaya. An zaunar da iyayen an gaya musu maganin na iya rage ganin gefe-gefe na ido kuma in ya ragu ba ya dawowa, shi ya sa wata shida kawai aka tsara, aka kuma tura su likitan ido.

Kuɗin shi ne ya kusa rusa komai. Na wata ɗaya ya fi abin da uban ke samu a ɗinki in ba lokacin sallah ba. A wata na uku ina ƙirga ledojin na ga sun fi yadda ya kamata su rage, na tambaya, uban ya sunkuyar da kai ya ce "Yaya, kwana tara ke nan na ce a riƙa ba ta na dare kawai, don ya kai mu ƙarshen wata." Bai gaya wa kowa ba don kunya. Allah ya tsare ba ta yi ko ɗaya ba a kwanakin. Dangi suka haɗa, uwar ta sayar da 'yan kunnenta na gwal, aka koma cikakken awo, aka cike wata shida aka janye a hankali.

Tana wata 11 aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ya nuna tsohon rauni a bayan ƙwaƙwalwa gefe biyu, irin wanda faɗuwar suga a kwanakin farko na haihuwa ke bari. A nan ɓangaren gani yake, kuma ya yi daidai da abin da likitan ido ya ce, idon kansa lafiya, fahimtar abin da aka gani ne ke da rauni.

Shekara 2: inda take yanzu

Wata 14 ke nan ba zabura. Ta zauna da kanta a wata 13, ta yi rarrafe a wata 17, ta miƙe da kama kujera a wata 22, ba ta fara tafiya ita kaɗai ba tukun. Tana cewa mama, baba, da "wa" in tana son ruwa. Tana gane mutanen gida da murya fiye da fuska, abu mai launi mai ƙarfi ta fi kamawa. A wata 19 ta yi jijjigar gefe ɗaya sau biyu lokacin da maleriya ta kama ta, aka sa ta a sirof ɗin lebetirasetam na hana jijjiga, tana kai har yanzu. Tana zuwa gashin ƙashi sau biyu a sati. Riga-kafin da aka ɗaga duk an yi mata.

Hukunci: me ya yi aiki, me bai yi ba, kuma me ya sa

Abin da aka yi a gida da kemis bai taɓa ciwon ba, don ba ciki ba ne ba haƙori ba ne. Addu'a da tofi ba mu daina ba har yau kuma ba su hana komai ba, abin da ya cutar shi ne kwana 20 da aka yi ana jiran ganin ko za su wadatar, da hayaƙin da ya taɓa mata ƙirji. Fenobabiton ya gaza don ba maganin wannan nau'in ba ne, kabamazefin kuma lokacin shansa ya zo daidai da ninkuwar zaburar, abin da dama an san yana yi. Likitan da ya rubuta su ya gane jijjiga ce, abin da ya kuɓuce masa shi ne jijjigar jarirai kala-kala ce kuma wannan kalar tana da nata maganin, tura su gaba a rana ta 30 da ya rage kusan kwana ashirin.

Abin da ya juya lamarin bidiyon minti uku ne. Zaburar ba ta zuwa a gaban likita sai an yi sa'a, kuma in uwa ta siffanta ta da baki ciwon ciki take kama da shi, ni da nake cikin aikin ma haka na ji ta a waya. Sai firednisolon a awon da gwaje-gwajen nan suka tabbatar, da ƙarin da aka yi a kwana na bakwai, da ƙirgen littafi wanda shi ya nuna lokacin ƙarin ya yi kuma shi ya shawo kan kakar. Ina so a fahimce ni da kyau a nan, arhar ƙwayar ba ta sa ta zama abin da za a saya a kemis a ba jariri ba, wannan awon ba tare da awon jini da suga da duba ƙirji da janyewa a hankali ba zai iya kashe yaro. Shawarar ƙin jiran bigabatirin a karon farko ina ganin daidai ce, tunda ICISS ɗin ma bai nuna haɗin ya ƙara ci gaba a wata 18 ba, jinkiri kuwa an nuna illarsa.

Bambancin karo na farko da na biyu shi ne ya fi tsaya min a rai. Ciwo ɗaya, yarinya ɗaya, uwa ɗaya, na farko kwana 50 kafin maganin da ya dace kuma ta rasa murmushi da riƙon wuya, na biyu awa shida kafin ta ga likita da kwana biyar kafin magani kuma ba ta rasa komai daga abin da ta koya ba. Makarar da take yi yanzu wani ɓangare daga raunin haihuwa ne wanda ya riga zaburar, hoton ya nuna shi, kuma asalinsa jaririya 'yar kilo 2.4 ce da ba ta kama nono ba aka sallame ta ba a ɗiga jininta a na'urar suga ba, awon da bai kai minti ɗaya ba. Wani ɓangaren kuma na kwana hamsin ɗin nan ne, kwana 45 daga ciki sun biyo bayan wayar da uwar ta yi min a rana ta 6.

Likitar ta gaya mana wasu daga cikin yaran nan suna komawa wata farfaɗiyar mai wuyar magani da ake kira Lennox-Gastaut tsakanin shekara uku zuwa biyar, don haka ba a rufe katinta ba. EEG na gaba wata uku masu zuwa ne, kuma an ce in ta fara faɗuwa kai tsaye ko sandarewa cikin barci kar a jira ranar. Uwar tana littafi na uku yanzu, yawancin shafukan kwanan wata ne kawai da sifili a gabansa, sai gefe inda take rubuta sabon abin da yarinyar ta yi, na satin da ya wuce ta rubuta ta saki kujera ta tsaya har an ƙirga huɗu.